Sharhi kan kwas ɗin BGP da na yi ta intanet

Muddin layi ɗaya kamfaninku yake saya daga manyan dillalai, babu ruwanka da BGP, wato ƙa'idar da kamfanonin intanet ke bi wajen sanar wa juna hanyoyin kai bayanai, domin duk kaya, wato bayanan, ta ƙofa ɗaya za su fita. Amma da zarar an ƙaro layi na biyu, an karɓo lambar AS (lambar shaidar cibiyar sadarwar kamfani a intanet) da rukunin adireshin IP daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, to OSPF ɗin da ka iya, wato ƙa'idar zaɓen hanya a cikin cibiyar kamfani ɗaya, ba zai wuce cikin gida ba, sai an haɗa da BGP. Haka ta kasance a ɗan kamfanin raba intanet da nake wa aiki a nan Katsina, shi ya sa na biya kuɗin wani kwas na bidiyo mai haɗe da ɗakin gwaji. Na gama shi, kuma ina ganin ya ci kuɗinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda malamin ya sa gaba. Bai ɓata lokaci kan tarihi ba. Ya nuna yadda rauta biyu, wato na'urorin da ke zaɓar wa bayanai hanya, ke ƙulla maƙwabtaka ta ƙa'idar sadarwa ta TCP a kan ƙofa mai lamba 179, daga nan sai ya zarce kan tacewa: wace hanya za ka sanar wa maƙwabcinka, wace kuma za ka ƙi karɓa daga gare shi. Asalin BGP a kan yarda aka gina shi. Kamar ɗan kamasho ne a tasha ya ce motar nan Kano za ta, kowa ya shige ba tare da ya tambayi direba ba. A 2008 wani kamfanin sadarwa na Pakistan ya sanar da adireshin YouTube a matsayin nasa, shafin ya ɓace wa mutane a faɗin duniya. A Nuwamban 2018 kuma kuskuren saiti a MainOne da ke Legas ya karkatar da zirga-zirgar Google ta bi ta China da Rasha na sama da awa ɗaya. Malamin ya sa mu sake gina irin wannan ɓarakar da hannunmu a gwaji, sannan mu toshe ta. Wallahi wannan darasin kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin.

Gwajin da GNS3 (manhajar kwaikwayon cibiyar sadarwa) da FRRouting (manhajar da ke aikin rauta) ake yi. Akwai wani wuri da na ji daɗinsa ƙwarai. Ka haɗa rauta biyu, ka rubuta show bgp summary, ka ga maƙwabtaka ta tsaya daram, amma a gurbin adadin hanyoyi sai ka ga kalmar Policy, ko hanya ɗaya ba ta shigo ba. Ba lalacewa ba ce. FRRouting yana bin ƙa'idar RFC 8212 ta 2017, wadda ta ce kada a yi musayar komai da AS na waje sai an rubuta matata, wato dokar tace hanyoyin. Ina ma a ce duk na'urori haka suke zuwa.

Darasin zaɓen hanya ma ya fita. Local preference, wato lambar fifiko da kake ba kowace hanya, na juya kayan da ke fita daga wurinka, kuma babbar lamba ce ke cin nasara. Masu shigowa kuwa ba ka da iko da su kai tsaye, sai dai ka maimaita lambar AS ɗinka a kan layin da ba ka so don ya yi tsawo a idon mutane, tunda rautoci sun fi son gajeriyar hanya. A haka muka mayar da layinmu mai tsada na ko-ta-kwana.

Sai dai akwai gyara. Bayanin bidiyon kusan duk da salon umarnin na'urorin kamfanin Cisco aka yi shi, alhali mu nan yawancin ƙananan kamfanoni na'urorin MikroTik muke amfani da su, don haka mai koyo zai zauna ya mayar da kowane saiti da kansa. RPKI, wanda da shi mai adireshi ke sa hannu cewa wannan AS ne kaɗai ke da izinin sanar da shi, bidiyo ɗaya gajere aka ba shi, kuma wannan ya yi mini ciwo, don shi ne maganin irin abin da ya faru da YouTube. Babu kuma ko kalma kan cibiyoyin musaya na Afirka irin IXPN ta Najeriya, duk da cewa a nan ne kamfanonin Najeriya ke haɗuwa don kada kayan cikin gida su zagaya ta Turai. Ga shi ba a iya sauke bidiyon, dole sai da data, kuma in aka ɗauke wuta kana tsakiyar gwaji sai ka sake tayar da rautocin.

Wanda ya riƙe rabon adireshi da OSPF da kyau, kuma kwamfutarsa na da RAM mai ɗan yawa, ya saya ba tare da fargaba ba. Wanda bai kai nan ba ya fara da darussan BGP na kyauta da cibiyar NSRC ta Jami'ar Oregon a Amurka ta sa a intanet, in ya samu gindin zama sai ya dawo kan wannan.