Mazda MX-5: Daɗin Buɗaɗɗen Rufi da Ɗawainiyar da Ke Biye da Shi

Duk wanda zai sayi mota mai buɗaɗɗen rufi, da rufin ya kamata ya fara ciniki kafin ya ɗaga bonet. Inji da giya da birki kowane makanike ya san kansu. Rufin da ake naɗewa kuwa, shi ne abin da zai sa a more motar shekara da shekaru, ko kuma a wayi gari kafet ya jiƙe sharkaf, ciki na warin rima. Da wannan ma'auni aka auna Mazda MX-5 a nan, samfuri na huɗu da ake kira ND, wanda ya fito a 2015.

Motar ba baƙuwa ba ce. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Chicago a 1989, a Hiroshima ta Japan ake haɗa ta, kuma a watan Afrilun 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Kujeru biyu ne kacal. Injin yana gaba, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuma bai wuce kilo 1,000 da 'yan kai ba, an raba shi kusan daidai tsakanin gaba da baya. Akwai inji mai lita 1.5 da ke ba da ƙarfin doki wajen 130, da mai lita 2.0 wanda tun gyaran da aka yi masa a 2018 yake ba da 184. A takarda wannan ba wani abin a zo a gani ba ne. A kan hanya kuwa, rashin nauyi ya sa ƙarfin ya wadatar: babban injin yana kai kilomita 100 a awa cikin kimanin sakan shida da rabi, yana shan wajen lita 7 a kilomita 100, tankin kuma lita 45 ne. Giyar hannu mai hawa shida gajeriyar tafiya gare ta, tana shiga ƙwas-ƙwas ba tare da lalube ba. Idan an sha kwana da gudu jikin motar yana ɗan jirkicewa fiye da yadda wasu ke zato, domin ba a ɗaure ƙafafunta tamau ba, kuma hakan ya fi wa bayan direba sauƙi.

Rufin yadi na wannan mota da hannu ake sarrafa shi, kuma a nan ne ta yi wa tsararrakinta fintinkau. Makulli ɗaya ne a tsakiya, saman gilashin gaba. Ka saki makullin, ka tura rufin baya ta kan kafaɗarka, ka danna shi har ya yi ƙara alamar ya kama. Kana zaune a kujerarka, ba ka ko kwance bel ba, cikin 'yan sakanni an gama. Mayar da shi ma haka ne: akwai mariƙi a baya tsakanin kujerun, ka ja shi rufin ya ɗan zabura sama, ka jawo shi gaba ka kulle. Babu famfo, babu man haidirolik, babu tiyo. Abin da babu shi ba ya lalacewa.

Sai mutum ya san yadda rufin lantarki yake aiki a manyan motoci sannan zai gane darajar wannan sauƙi. A yawancinsu akwai ƙaramin famfo da ke tura mai ta siraran tiyo zuwa silinda da dama, kowace da sashen da take motsawa, ga kuma jerin ƙananan makunnai da ke shaida wa kwamfutar motar cewa wannan mataki ya kammala, a shiga na gaba. Makunni ɗaya ya daina magana, komai ya tsaya cak, galibi rufin yana rabin hanya, bai buɗe ba bai rufe ba. Robobin cikin silinda kan bushe da tsufa, mai ya riƙa tsiyaya a cikin but ko a kan rufin ciki. Batir mai rauni ma kaɗai ya isa ya hana shi tashi. Rufin ƙarfe mai naɗewa, wanda Mercedes SLK ta yayata tun 1996, ya ƙara wa lamarin nauyi da yawan gaɓoɓi, kuma kowace gaɓa da robarta da ruwa zai iya bi. Volkswagen Eos ta yi suna wajen yoyo idan ba a shafa wa robobinta man da aka tanadar musu a kai a kai. Ba banza ba BMW ta koma rufin yadi a sabuwar 4 Series mai buɗewa, Mercedes ma ta yi haka a SL ta 2021.

Ita ma Mazda tana da nata mai rufi mai tauri, wato RF, da ta fito a 2016. Lantarki ne ke sarrafa shi, yana ɗaukar kimanin sakan 13, kuma sai motar na tsaye ko tana rarrafe ƙasa da kilomita 10 a awa. Ta fi shiru idan an rufe, ta fi wuyar ɓarnatawa ga mai wuƙa, ta kuma fi kyan gani a idon mutane da yawa. Sai dai ta ƙara kusan kilo 45, ginshiƙan bayanta ba sa sauka, don haka ba ta buɗewa sarai, kuma idan gudu ya yi nisa iska kan taru a jikin ginshiƙan tana bubbuga daidai bayan kunne. Ginshiƙan suna kuma tare wa direba gani idan ya waiga. Wanda zai riƙa kwanar da mota a bakin titi, RF ta fi masa kwanciyar hankali. Wanda ke da gareji, mai rufin yadi ce zaɓin da ya fi.

Yanzu ga inda masu irin wannan mota suka fi yin sakaci. Rufin yadi ba ya hana ruwa gangarowa, tattara shi yake yi zuwa wani kwari da ke bayan kujeru, daga nan ruwan ya bi magudana biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya fita ta ƙarƙashin mota. Ganye, ƙura da furen bishiya suna taruwa a bakin magudanan. A ND akwai matata a kowane gefe, kuma littafin motar ya ce a tsaftace ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai ajiye mota ƙarƙashin bishiya ya ninka haka. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe rufin, a zuba ruwa kamar rabin lita a hankali ta gefensa na baya, a leƙa ƙasa gaban tayar baya. Idan ruwan ya zubo nan take, lafiya lau. Idan ɗigo yake yi ko bai fito ba, hanya ta toshe, sai a cire matatar a wanke, a bi bututun da buroshi siriri mai lanƙwasuwa. Kada a zura waya mai tsini, tana huda bututun, gyara ya koma ɓarna. Idan aka bari ya toshe, ruwan zai cika ya malalo bayan kujeru, ya shige ƙarƙashin kafet inda soso ke riƙe shi makonni, ya sami wayoyin lantarki. A tsofaffin samfuran, na farko da na biyu da ake kira NA da NB, wannan toshewa na cikin manyan dalilan da ke sa tsatsa ta cinye dokin ƙofa daga ciki, a gaban tayar baya. Kafin fenti ya kumbura a waje, ƙarfen ciki ya riga ya gama.

Wankin rufin ma da ƙa'idarsa. A fara kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi yana bushe, sannan a jiƙa, a wanke da sabulun da aka yi don rufin yadi, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Ba a sa sabulun wankin kaya mai ƙarfi ko bilic, suna cinye maganin hana ruwa da ke jikin yadin, suna kuma kashe zaren ɗinki. Injin feshin ruwa mai ƙarfi idan aka matso da shi kusa yana buɗe ɗinki yana tura ruwa ta bayan roba, wurin wankin mota mai buroshi mai juyawa kuwa a kauce masa gaba ɗaya. Kashin tsuntsu da ƙaron bishiya a cire su a ranar. Sau ɗaya ko biyu a shekara a fesa maganin hana ruwa, bayan rufin ya bushe ƙayau, a rufe gilashi da fenti kafin a fesa. Alamar lokaci ya yi ita ce ruwa ya daina dunƙulewa a kan yadin, ya koma jiƙa shi. Robobin gefen ƙofa da na saman gilashi a goge su da tsumma mai laima, a shafa musu man silikon, kada a sa man da aka yi da fetur domin yana kumbura roba. Babban kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne naɗe rufi yana jiƙe. Kwana biyu a haka ya isa fumfuna ta kama, layin naɗi ya bar tabo da ba ya fita. Barin shi a naɗe na makonni ma yana sa yadin ya takure, ranar da za a rufe sai an yi kokawa da makulli.

Gilashin baya na ND gilashi ne na gaske mai wayar ɗumama, wanda ya kawar da matsalar tsofaffin motoci masu tagar roba da ke yin rawaya tana tsagewa.

Zaman ciki shi ne inda motar ke neman haƙuri. But ɗinta lita 130 ne, ƙananan jakunkuna biyu masu laushi sun cika shi. Abin yabo dai shi ne rufin yana da nasa mazauni a bayan kujeru, saboda haka ko an buɗe ko an rufe but ɗin bai ragu ba, saɓanin motoci masu rufin ƙarfe da ke cinye kusan rabin wurin kaya. Babu safaya, sai kwalbar maganin faci da ƙaramin famfon iska, waɗanda ba sa amfanar komai idan gefen taya ne ya yage. Babu aljihun gaba na ajiye takardu, sai wani ƙaramin akwati a baya tsakanin kujeru da sai an murɗa jiki kafin a kai gare shi. Dogon mutum ya zauna a ciki, rufi a rufe, kafin ya biya kuɗi, domin kujerar ba ta da wurin ja da baya sosai. Waɗanda aka ƙera daga gyaran 2018 sitiyarinsu yana matsowa gaba da baya, na farkon sama da ƙasa kawai yake yi, kuma wannan ɗan bambanci yana da tasiri ga mai dogayen ƙafafu. Motar a ƙasa take ƙwarai, shiga da fita sai an durƙusa, tudun rage gudu kuma sai a hankali.

Mutane sukan ɗauka ranar zafi ce ranar buɗe rufi. Akasin haka ne. Da tsakar rana, a cunkoso, rana na dukan ka kai tsaye, kujerar fata ta yi zafi, hayaƙin motar gaba na shiga hanci, sanyin na'urar sanyaya kuma yana tserewa sama. Lokacin wannan mota shi ne sassafe, da yamma liƙis, da dare, a hanya mai kwana-kwana da gudun kilomita 60 zuwa 90. Ranar sanyi ma tana da daɗi idan aka ɗaga gilasan gefe aka kunna hita da ɗumamar kujera. A babbar hanya da gudu mai yawa ƙarar iska ce ke gajiyar da mutum, kuma ƙarar da ta haura desibel 85 idan aka daɗe a cikinta tana cutar da ji. Ɗaga gilasan gefe yana rage ta sosai. Ko an rufe rufin, ba za a sami shirun mota mai rufin ƙarfe ba, ƙarar taya da ta manyan motocin da ke wucewa suna shigowa.

Batun tsaro yana da fuska biyu. Mota idan aka cire mata rufi ta rasa abin da ke ɗaure jikinta, shi ya sa wasu masu buɗewa ke kakkarwa a kan gargada har madubin tsakiya ya riƙa rawa. Wannan ya fi damun motocin da asalinsu masu rufi ne aka yanke, aka cika su da ƙarafan tallafi masu nauyi. MX-5 tun daga zane a buɗe aka tsara ta, saboda haka kakkarwar kaɗan ce. An ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba, akwai kuma kariya a bayan kujeru saboda kifewa, amma duk wannan sai da bel yake aiki, domin babban haɗarin buɗaɗɗiyar mota shi ne ta wurgar da wanda bai ɗaura ba. Ɓarayi kuwa, yadi ba ya tare wuƙa. Kada a bar komai a fili a ciki, ko da jakar da ba kome a cikinta, domin kuɗin sabon rufi ya ninka abin da za a sace.

Mai sayen ta hannu ya buɗe rufin ya rufe sau uku a jere yana sauraro. Ya ɗaga shi rabi ya duba inda yadin ke gogar ƙarfe, nan ne yake fara hujewa. Ya danna tafin hannu a kafet bayan kujeru da ƙarƙashin tabarmar ƙafa, ya ɗaga shimfiɗar but ya duba alamar ruwa. Gilashin da ke yin raɓa daga ciki da safe, ko turaren mota da aka fesa har ya yi yawa, duk abin zargi ne. A nemi a watsa wa motar ruwa na minti biyar mutum yana zaune a ciki, ido a kan kusurwar da gilashin ƙofa ya haɗu da rufi. An sami koke-koken lalacewar giyar hannu a wasu ND na shekarun farko, don haka a gwada kowace giya a kan hanya, a kasa kunne ga gurnani ko ƙin shiga, a kuma tambayi takardun gyara.

A matsayin mota ta biyu, ga mai wurin ajiya mai inuwa wanda ba ya ƙyashin wanke matata da shafa wa roba mai, da wuya a sami mota mai buɗewa da ta kai ta sauƙin riƙo. Mai iyali, ko mai doguwar tafiya kullum a babbar hanya, ko wanda ita kaɗai zai dogara da ita wajen ɗaukar kaya, ya nemi wata. Idan an tashi zaɓa, mai rufin yadi da giyar hannu, ƙirar bayan gyaran 2018, ita ce wadda za a fara nema.