Fitilar UV ko ma'aunin zafin nama: wanne za a saya?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin tambayi abin da za ki saya don kare nama daga ƙwayoyin cuta. Tsakanin fitilar UV, wato mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, da ake ratayewa a firiza da ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin nama, ma'aunin za ki saya. Ita fitilar ina da ita, amma haskenta a saman nama yake tsayawa, ba ya ratsa tsoka, don haka tana nan ajiye.

Labarin da kika ji na ƙwayoyin da radiyeshin ba ya kashewa gaskiya ne. A shekarar 1956, a jihar Oregon ta Amurka, masani Arthur Anderson ya gano wata ƙwayar bakteriya mai suna Deinococcus radiodurans da ranta a cikin naman gwangwanin da aka haska wa radiyeshin mai ƙarfin gaske, saboda tana iya sake ɗinke ƙwayoyin halittarta bayan sun daddatse. Ba a san ta da jawo wa mutum ciwo ba, amma masu jawo ciwon, irin su Salmonella da Listeria, sanyin firiza ba ya kawar da su, hana su yaɗuwa kawai yake yi. Daskarewa ma ƙara wa ƙwayoyi juriyar radiyeshin take yi, shi ya sa a 1997 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a haska radiyeshin har kilogire (ma'aunin yawansa) 4.5 ga naman firji, amma har 7 ga daskararre. In na masana'anta sai an ƙara masa ƙarfi, ina ga 'yar fitila?

Ma'aunin kuwa ya yi mini rana. Wata rana na gasa kazar da na ciro daga firiza don mahaifiyata, wadda cikinta ba ya jure komai. Fatar ta yi ja tana maiƙo, amma da na soka tsinken a cinya kusa da ƙashi, ko digiri 60 bai kai ba, sai na mayar da ita wuta. Kaza tana buƙatar digiri 74 na Salshiyas a tsakiyarta, niƙaƙƙen nama kuma 71.

Ki kuma yi hattara da masu sayarwa marasa amana, waɗanda naman zai narke a hannunsu su sake daskarar da shi, su ce miki ai an haska shi. Wanda aka haska bisa ƙa'ida yana ɗauke da bayani ko tambarin Radura, wato alamar abincin da aka haska wa radiyeshin, kuma idan kika ga jini ya daskare a ƙasan ledar, ki bar musu kayansu.