Sabuwa mai araha ko tsohuwa mai suna: wace bindigar farauta ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya tanadi kuɗin sayen bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi, amma kuɗin nasa bai kai farashin sabuwar Beretta ko Benelli ba, yakan tarar da zaɓi biyu a gabansa waɗanda farashinsu ya yi kusa da juna. A gefe guda akwai sabuwa fil a kwalinta, da takardar garanti da cikakken jerin cok na maƙure bakin bututu, wadda galibi ƙirar Turkiyya ce. A ɗaya gefen kuma akwai ta hannu, ƙirar Italiya ko Beljiyam ko Amurka, wadda ta shekara goma ko ashirin tana aiki, fentinta ya ɗan koɗe a inda hannu ke riƙewa, amma sunan da ke jikinta ya isa ya sa mai saye ya dakata. Ra'ayina shi ne ta hannun ta fi, amma da sharaɗi biyu masu nauyi: mutum ya samu damar bincika ta da kyau kafin ya biya, kuma ya tabbata ana samun kayan gyaranta ba tare da wahala ba.

Ya kamata a fara da yi wa masu arahar adalci, domin an daɗe ana yi musu kuɗin goro. Stoeger M3000, wadda ake ƙerawa a Turkiyya, tana ƙarƙashin rukunin kamfanonin Beretta ne, rukunin da ya mallaki Benelli da Franchi, kuma tana aiki da irin tsarin da Benelli ta yi suna da shi. Weatherby SA-08 kamfanin ATA Arms na Turkiyya ne ya ƙera ta, Hatsan kuma, da ke birnin Izmir, ya sayar da samfurin Escort a ƙasashe da dama. Waɗannan ba bindigogin wasa ba ne, suna harbi, suna kayar da tsuntsu kamar kowace bindiga, domin ƙwayar harsashi ba ta san sunan da aka rubuta a jikin bututu ba. Inda arahar ke nuna kanta shi ne a wuraren da ido ba ya gani a shago: laushin gogewar sassan ciki, ingancin ƙananan sifirin da fil-fil, nauyin kunama da yadda take jan ƙafa kafin ta saki, da kuma rashin daidaito tsakanin bindiga da 'yar'uwarta, ta yadda mutum biyu za su sayi samfuri ɗaya, ɗaya ya yi ta yabo, ɗayan kuma ya yi ta zarya wurin dillali. Akwai kuma wani rukuni da ya fi waɗannan araha, na sunayen da mai shigo da kaya ke liƙa wa bindiga na shekara biyu ko uku sannan ya sauya masana'anta ko ya rufe harkar. Wannan rukunin ban ga dalilin kusantarsa ba, domin garantin da babu mai cika shi takarda ce kawai.

Kafin a kwatanta suna da suna, wajibi ne mai saye ya san yadda bindigar ke sarrafa kanta, saboda a nan ne rabin hukuncin yake. Tsari na farko shi ne na gas, inda ake karkatar da wani kaso na iskar albarushi ta wasu ƙananan huji a cikin bututu, ta tura fistin, fistin ya tura sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gurbinsa, baya, ta fitar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi. Remington 1100, wadda ta fito a 1963, ita ce ta sa wannan tsari ya karɓu a wurin jama'a, kuma Beretta ta bi shi a jerin A303 da AL390 da AL391 Urika har zuwa A400. Amfaninsa shi ne yana sassauta shurin da bindiga ke yi wa kafaɗa, yana kuma jure harsashi mara nauyi na giram 24 ko 28 da ake harbin faifan yumɓu da shi. Aibinsa datti ne, domin baƙin albarushi yana taruwa a fistin da bututun ajiyar harsashi, wanda bai iya wankewa ba kuwa bindigarsa za ta fara cijewa. Tsari na biyu shi ne wanda Bruno Civolani ya ƙirƙira kuma Benelli, da aka kafa a Urbino a 1967, ta gina sunanta a kansa. A nan babu fistin, shurin bindigar ne ke danne wani kakkauran sifirin a cikin sakata, idan ya saki sai ya jefa ta baya. Sassansa kaɗan ne, ba ya tara datti, bindigar kuma ba ta da nauyi, amma kafaɗa tana jin dukan sosai, kuma idan harsashi ya yi rauni ko maharbi bai danna ƙotar a kafaɗarsa da kyau ba, tana iya ƙin ɗurawa.

Wannan bambancin yana da muhimmanci ga mai sayen ta hannu fiye da mai sayen sabuwa. Tsohuwar Benelli M1 ko M2 ko Montefeltro ba ta da wuraren lalacewa da yawa, saboda haka ko an yi sakaci da ita, sauya sifirin ɗin da ke cikin ƙota da wankewa sukan dawo da ita hayyacinta. Abin da aka san tsofaffin samfuranta da shi shi ne idan an rufe sakata a hankali, ko reshe ya ɗan taɓa mariƙinta, kan sakatar ba ya gama juyawa ya kulle, sai a ja kunama a ji ƙas babu harbi. Kamfanin ya magance wannan a sababbin samfura irin su Ethos da Super Black Eagle 3, amma wanda ya sayi tsohuwa sai ya koyi sakin sakata da ƙarfinta. Tsohuwar mai gas kuwa tana buƙatar ido sosai. AL391 bindiga ce mai daɗin harbi wadda masu harbin yumɓu suka yi wa shaidar juriya, sai dai bawul ɗinta na rage iska yana da wuyar kwancewa, shi ya sa masu ita da yawa ba sa taɓa shi. Remington 1100 tana dogara da wani zoben roba mai arha wanda idan ya tsage bindigar ta daina ɗurawa, kuma sau da yawa bindigar da aka karyar da farashinta don wai ta lalace, wannan zoben ne kawai matsalarta.

Binciken ta hannu ba a yin sa da gaggawa, kuma mai sayarwar da ya hana a kwance bindiga ya riga ya ba da amsa. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a cire bututun a ɗaga shi wajen haske. Ana neman ramukan tsatsa, musamman a gurbin harsashi, da kuma wani zobe mai duhu da ke nuna bututun ya taɓa kumbura saboda an yi harbi da wani abu toshe a ciki. Yatsa ma yakan ji kumburin idan aka shafa ta waje. Bututu mai kumburi a bar shi, domin kuɗin sabo yakan cinye duk ribar cinikin. Sannan a gwada kwance cok, saboda wanda aka bari shekaru babu maiko yakan manne da tsatsa har sai maƙerin bindiga ya sa hannu. A duba gangar jikin, wadda a yawancin bindigogin zamani ta alminiyom ce, ko akwai tsaga a ƙarshen tsagin da mariƙin sakata ke bi, a duba katakon gaba ko ya dare, a ja sakata a saki a ji ko tana komawa da kuzari ko da kasala. Sifirin ɗin cikin ƙota shi ne wurin da aka fi mantawa, kuma a bindigar da aka yi farautar agwagwa da ita a fadama, ruwa yakan shiga can ya zauna. A ƙarshe a auna tsawon ƙotar, domin mai ita na farko yana iya yanke ta daidai jikinsa, a kuma tambayi 'yan farantan daidaita ƙota da sauran cok ɗin da suka zo da ita. Idan sun ɓata, a lissafa kuɗinsu a cikin farashi, tare da sanin cewa cok ba ya shiga kowace bindiga: na Mobilchoke ba ya hawa bututun Optima duk da cewa duka na Beretta ne, haka Invector da Invector-Plus na Browning.

Akwai batu guda da ke iya juya hukuncin gaba ɗaya zuwa ga sabuwa, wato harsashin ƙarfe. Amurka ta hana farautar tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma a faɗin ƙasar tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana amfani da ita a dausayi daga watan Fabrairun 2023. Ƙwayar ƙarfe ba ta lotsewa kamar dalma idan ta iso maƙurar bututu, don haka tsohuwar bindiga mai matsattsen baki wanda ba a sauyawa tana iya kumbura. Browning Auto-5, wadda John Moses Browning ya ƙirƙira kuma aka yi ta ƙerawa daga farkon ƙarni na 20 har zuwa 1998, abar sha'awa ce ga duk mai son tarihi, amma kamfanin da kansa yana gargaɗin kada a sa ƙarfe a bututunta ƙirar Beljiyam. A ƙasashen da ke bin yarjejeniyar CIP ta gwajin ingancin bindigogi da harsasai, bindigar da aka gwada da harsashin ƙarfe mai ƙarfi tana ɗauke da tambarin furen lili a bututunta, kuma kusa da tambarin gwajin Italiya akwai haruffa a cikin ɗan akwati da ke nuna shekarar gwajin, wanda ya fi bakin mai sayarwa gaskiya. A kuma karanta tsawon gurbin harsashi: milimita 70, ko 76, ko 89. Wanda aikinsa harbin faifan yumɓu da ƙananan tsuntsaye ne, 70 ko 76 ta ishe shi, kuma biyan ƙarin kuɗi don 89 ɓarna ce, tun da irin waɗannan ne ma suka fi yin gardama da harsashi mara nauyi.

Tambayar da ta fi raba gardama ita ce yawan harbin da mutum zai yi. Mafaraucin da ke fita 'yan lokuta a kaka, wanda ba zai ƙarar da fiye da 'yan kwalaye a shekara ba, zai tsufa bai ga iyakar Stoeger ko Hatsan ba, kuma garanti zai ba shi kwanciyar hankalin da ta hannu ba ta bayarwa, domin garantin yawancin kamfanoni na mai saye na farko ne. Sai dai ya bi shawarar da masu ƙerawa kan bayar ta fara ta da harsashi mai nauyi har sassanta su saba da juna, ya kuma wanke maikon ajiya da ta zo da shi kafin harbin farko. Amma mai zuwa filin harbin yumɓu kowane mako, wanda ke harba dubbai a shekara, shi ne zai gane gaskiyar masu cewa araha ba ta ado, domin a nan ne ƙananan sassa ke karyewa, kuma a nan ne ake gane bambancin kamfanin da kowane maƙeri ke da kayansa a aljihun tebur da wanda sai an jira jirgi. Ko Remington, da ya shiga fatarar kuɗi a 2018 da 2020, kayan 1100 ba su yanke ba, saboda an ƙera miliyoyinta kuma wasu kamfanoni suna yin sassanta.

Sai batun sayarwa daga baya, wanda mutane ba sa son tunawa a ranar saye. Sabuwa mai araha tana zubar da kaso mai tsoka na darajarta da zarar ta bar shago, ita kuwa Beretta ko Benelli ta hannu wani ya riga ya ɗauki wannan asarar, wanda ya kula da ita yakan sayar kusa da yadda ya saya. Akwai kuma hanya ta tsakiya ga mai iya ƙara ɗan haƙuri ya ƙara tari, wato sababbin samfuran da manyan kamfanonin suka yi don masu matsakaicin ƙarfi, irin su Beretta A300, da Franchi Affinity, da Winchester SX4 da ake haɗawa a Fotugal.

Idan aka ajiye mini AL391 ko M2 mai tsaftataccen bututu, daga dillali mai lasisi da ya yarda a gwada ta da harsashi mai nauyi da mara nauyi, a gefe kuma ga sabuwa mai araha a farashi ɗaya, zan ɗauki ta hannun, in ware ɗan kuɗin sabon sifirin da duba maƙeri. Idan kuwa hoto kawai aka nuna mini, ko lambar jikinta ba ta dace da takardunta ba, ko babu maƙerin da ya san samfurin a kusa, sabuwar zan saya daga kamfanin da ke da wakili tsayayye. Kowacce aka zaɓa, a ɗora ta a kafaɗa da irin rigar da za a yi harbi da ita a ga ko ido yana sauka daidai kan bututu, a kuma tabbata adadin harsashin da take ɗauka ya dace da lasisin da ke hannu, domin ƙasashe da yawa sun taƙaita shi zuwa uku a wajen farauta.