Ƙaramar kyamara mai dogon zum: wacce ta dace da ranar Kaduna da ƙurarta?

Wayar da ke aljihunka ta gama da hoton kusa. Inda take gazawa shi ne nesa: doki a wancan gefen filin Murtala Square ranar folo, ko ɗan Sarki a tsakiyar mahaya ranar Hawan Daushe a Zariya, kai kuma dogarai sun tsayar da kai can baya. Nan ne ƙaramar kyamara mai dogon zum ke da ranarta, don gilasanta ne suke motsi da gaske su jawo abin kusa. Abin da yawancin wayoyi ke yi kuwa yanko tsakiyar hoton ne su buɗa shi, shi ya sa fuska ke fitowa a dagule.

Mai shago zai fara da lambar zum, 30x ko 40x, wato sau nawa take iya jawo abu kusa, saboda ita ce ke sayar da kaya. Ni kuwa zan ce ka fara tambayar girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai. Kusan duk masu dogon zum da ke shiga aljihu sensarsu ƙarama ce, faɗinta bai fi milimita shida da ɗan wani abu ba. Da rana tsaka ba ruwanka, hoto zai fito tas. Amma da magariba, ko a zauren biki mai fitilu kala-kala, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo, kuma in ka miƙe zum ɗin har ƙarshe ƙofar hasken ta ƙara tsukewa. A irin wannan wuri waya mai kyau ma sai ta doke ta.

Canon PowerShot SX740 HS, wadda ta fito a 2018, ita ce mai 40x, daga milimita 24 zuwa 960 a ma'aunin zum (ƙarin lamba, ƙarin nisan da take jawowa), nauyinta wajen giram 300. Tana ɗaukar bidiyon 4K, allonta yana juyowa sama ya kalli mai ɗauka, kuma launin fata yana fita da kyau, abin da mata za su fara dubawa ke nan. Aibinta guda ne babba a wurina: ba ta da tagar leƙe ta ido. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ganin allo da azahar a watan Maris ya san abin da nake nufi. Kana neman doki a allo, fuskarka kawai kake gani.

Panasonic Lumix TZ95 ta 2019 ta tsaya a 30x, milimita 24 zuwa 720, amma tana da tagar leƙen, allonta na taɓawa ne, tana kuma ajiye hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba, ga mai son gyara a kwamfuta. Tagar nan ba rana kaɗai take karewa ba. In ka manna kyamara a goshi, ka matse gwiwar hannu a jiki, rawar hannu tana raguwa sosai, kuma a dogon zum ko numfashinka sai ya girgiza hoto. Don haka tsakanin 960 ba taga da 720 da taga, na biyun zan ɗauka. A kula da magajiyarta TZ99 da ta shigo kasuwa a 2025: an sa mata cajin USB-C, wanda ya yi daidai da yanayin wutarmu tunda cajar waya da fawa bank sun wadatar, amma an cire tagar. Sabuwa ce, sai dai ba ta fi tsohuwar ba a wannan fanni. Sony HX99 ma tana kai 720, ta fi su ƙanƙanta, da taga mai tasowa, sai dai maɓallanta sun yi wa babban hannu ƙanana.

Wanda rabin hotunansa na suna ne da kamu da walima, ya haƙura da dogon zum ya nemi mai sensar inci ɗaya, wadda girman filin farantinta ya ninka na waɗancan kusan sau huɗu. Lumix TZ200 tana ba ka 15x, har milimita 360, wanda ya isa ka ɗauko amarya daga bayan zaure. Sony RX100 VII ta tsaya a 200, amma ta fi kowa saurin kama fuska, tana da wurin sa makirufo, kuɗinta kuma ba na wasa ba ne.

Nikon P950 mai 83x da P1000 mai 125x kuwa, a bar su ga masu bin tsuntsaye a bakin kogin Kaduna da masu hoton wata. P950 ta kai kilo guda, P1000 ta kusa kilo ɗaya da rabi. Ba kayan aljihu ba ne. Kuma a hazon hunturu, ko lokacin da zafi ke sa iska rawa a kan kwalta, ƙarin zum ƙarin hazo kawai yake jawo maka.

Batun hunturu ya kawo mu ga na hannu, tunda sababbi sun yi wuya, farashinsu kuma yana bin dala. Lens ɗin waɗannan kyamarori, wato gilashin gabansu, yana fita yana komawa, kowane motsi yana zuƙar iska, iskar kuma da ƙurarta. Da yake lens ɗin ba ya cirewa, ƙurar da ta sauka a kan sensa sai an kwance kyamarar gaba ɗaya kafin a goge ta. Kafin ka biya, ko a Kasuwar Gumi ne ko a shagunan Ahmadu Bello Way, miƙe zum ɗin har ƙarshe ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka buɗe hoton ka duba. Baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce, ka ajiye wa mai shago kayarsa. Kunna ka kashe a jere kana sauraron injin lens. In yana ƙara ko yana cijewa, gyaransa zai iya cin rabin kuɗin kyamarar. Haska tocila cikin gilashin don ganin ko damina ta bar masa fumfuna. Batir kuma ka sayi na biyu tun ranar, don waɗannan ƙananan ba sa wuce hoto ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari uku da ɗoriya a caji ɗaya.

Sai kuma waɗancan marasa suna masu arha da ake tallatawa a Facebook da TikTok, an rubuta musu 4K da megafiksel 48 da zum 16x. Kunna ta ka danna zum kana kallon gabanta. In lens bai fito ba, ba kuma wani gilashi da ke motsi a ciki, yankan hoto take yi, kuma wayarka ta fi ta iya wannan aikin.