Kazar da ba a san wanda ya yanka ta ba

Tun ranar da aka kunna allon nan mai jan fitila yarana suka hana ni sakat. Ba sai na kama suna ba, ɗan Garwa ya san irin gidan abincin da nake nufi, masu rassa a Duwala da Yawunde da yanzu suka hauro mana Arewacin Kamaru. Na yi ta ja musu rai har Kawu ya sauko daga Ngaundere ganin likitan ido. Na ce to, dalili ya samu, a fita da baƙo, a kuma rufe bakin yara.

Shigarmu dai na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Watan Afrilu ne, kun san Garwa a lokacin, mai kilando, wato ɗan acaɓa, ma yana tuƙi yana sharce gumi da hularsa. Muna tura ƙofar gilashi sanyi ya buge mu. Kawu ya gyara babbar riga ya ce, "Ikon Allah, Ngaundere suka ɗauko suka sa a ɗaki." Ƙuda ko ɗaya ban gani ba. Na biya da Orange Money, babu rigimar canji. A raina har na fara cewa masu gashinmu na bakin titi sun shiga uku.

Jaka 14 na zube, kaza da soyayyen dankali da lemo. Aka kira lambarmu, na ɗauko farantai. Yara suka afka. Kawu ya yi bisimilla, ya miƙa hannu, sai ya tsaya cak.

"Ɗan nan, wa ya yanka?"

Na ce, "Kawu, ku ci mana, ai a Garwa muke."

"Na san garin da nake. Kazar nake tambaya."

Na tashi na koma wurin yarinyar da ta karɓi kuɗi. Na yi mata Hausa, ta girgiza kai. Na juya Fulatanci, yaren da ko ɗan tireda daga Kudu yake kwaɓawa a garin nan, shi ma shiru. Sai da Faransanci muka gane juna. Ta ce ita dai a kwali take ganin kajin, a ƙanƙare, a yayyanke. Na ce a kira min manaja. Minti 20 ina tsaye, mutane na ratsa ni da farantai, kafin ya fito da waya a kunne. Ya ce duk kayansu daga babban ofis ake turowa a motar sanyi, kuma tun da suka buɗe babu wanda ya taɓa yin ciwon ciki. Na ce ba maganar ciki nake ba, maganar yanka nake. Sai ya yi 'yar dariya.

Wallahi dariyar nan ce ta tsaya min a wuya, ba kuɗin ba. Bai zage ni ba, har "shef" yake ce min. Amma ka kawo kasuwa garin da ladanai ke tashin mutane da asuba ta kowace kusurwa, a tambaye ka wa ya yanka, ka ɗauke ta tambayar ƙauyanci? Mai yiwuwa ma Musulmi ne ya yanka, to ku sani mana, ku rubuta ku manna a bango. Na nemi a musanya wa Kawu da kifi, ya ce tikiti ya riga ya fita daga inji, sai dai in sake biya.

Na dawo na tarar yara sun yi rabi, uwargida tana hararata kamar ni na kiwata kazar. Kawu ya ɗauki dankali ɗaya, ya tambaya ko a mai ɗaya aka soya su, ya mayar. Ruwa kawai ya sha.

Daga nan Yelwa muka nufa, wurin mai gashin da nake zuwa tun kafin gasar cin kofin Afirka da aka buga a 2022, lokacin da 'yan Najeriya suka cika filin wasa na Rumde Adjiya suka cinye masa kaji kaf daren da aka doke Masar. Shi a bayan rumfarsa yake yanka, kana kallo. Ya gasa wa Kawu giwan ruwa ta Binuwai, ya barbaɗa yaji da albasa, tsoho ya ci har da tsotsar ƙaya.

Sai dai shi ma kada ya ji daɗi da yawa. Mun fi rabin awa a cikin hayaƙi, benci na rawa, ya ƙara kuɗi bai faɗa ba, ƙarshe ya ce babu canji, sai na dawo. Yana fifita wuta yana mita, wai samari duk sun gudu ɗaukar hoto a sanyi, yaransa biyu ma sun koma can wankin faranti saboda albashin wata. Na lura ya sayo fanka da kujerun roba huɗu, abin da shekara da shekaru muna roƙonsa bai yi ba. Wannan kam sai a gode wa baƙin.

Ragowar kazar na ɗanɗana a gida da dare, Allah Ya yafe min. Bayanta ƙarau-ƙarau, da daɗi. Cikinta kuwa laushi kamar audugar Sodecoton, babu abin da haƙori zai kama, ba ta kama ƙafar kazar Hausa ba. Af, na manta, yajin da na roƙa ashe sefa 200 suka sa min a tikiti, ɗan ƙulli da bai kai kan yatsa ba. Yaji fa! A garin da mai tsire ke zuba maka har ka ce ya isa.

Autata ta riga ta sa ni alkawarin komawa ranar Sallah. Zan kai su, su sha sanyi su lashi askirim, kaza kuwa a'a. Jiya Kawu ya bugo daga Ngaundere, ko idonsa bai bari na tambaya ba ya ce, "To, an gano wanda ya yanka?"