Khion da khalaza: dusar ƙanƙara da ƙanƙarar ruwan sama a Girkancin Littafi Mai Tsarki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dusar ƙanƙarar da aka kwatanta tufafin mala'ika da ita a Matiyu 28:3 da ƙanƙarar da ta zubo wa mutane a Wahayin Yahaya 16:21 kalma ɗaya ce a Girkanci, kuma daga ina kalmar ta samo asali. Kalmomi biyu ne da ba su haɗa saiwa ba. Hausa ce ta sa suka yi kama, domin dusar ƙanƙara ba ta sauka a ƙasarmu, sai muka ara mata suna daga ƙanƙarar da muka sani tana zubowa da damina.

Ta farko ita ce khion, wadda ake rubutawa χιών, ta biyu kuma khalaza, wato χάλαζα. Dukansu na jinsin mace ne, kuma suna nan da rai a Girkancin yau, inda ake cewa khioni da khalazi. Sau biyu kacal khion ta fito a Sabon Alkawari, a Matiyu 28:3 da Wahayi 1:14. Khalaza ta fito sau huɗu, duka a Wahayi: a 8:7, da 11:19, sannan sau biyu a 16:21. Wanda ke karanta fassarar Turanci ta Sarki James ta 1611 zai ga dusar ƙanƙara a wuri na uku, a Markus 9:3, sai dai tsofaffin kwafe na ƙarni na 4, wato Sinaitikus da Batikanus, ba su da ita a wannan aya, shi ya sa yawancin fassarorin zamani suka tsaya ga cewa babu mai wanki a duniya da zai iya faranta tufa haka.

Asalin khion a bayyane yake. Ta fito daga tsohuwar saiwar harsunan Indiya da Turai mai nufin lokacin sanyi, saiwar da ta ba Girkanci kheimon, wato hunturu da hadarinsa, ta ba Latin hiems, ta ba Rashanci zima, ta kuma ba Sanskrit hima, wadda ke cikin sunan tsaunukan Himalaya, mazaunin dusar ƙanƙara. Ke nan a wurin magabatan Girkawa, dusar ƙanƙara abin hunturu ce, daga lokacinta ta samo suna. Suna da wata saiwar dabam, wadda ta haifi nifas, ɗigon dusar da ke faɗowa, 'yar'uwar nix ta Latin, amma marubutan Sabon Alkawari ba su yi amfani da ita ba. Khalaza ba ta da yawan dangi haka. Abin da ta fi bari a bakin mutane shi ne khalaziyon, sunan da likitoci ke kiran ƙaramin ƙullutun da ke fitowa a fatar ido, saboda kamarsa da ƙwayar ƙanƙara.

Marubutan Sabon Alkawari sun gaji rarrabewar nan ne daga Seftuwajinta, fassarar Tsohon Alkawari zuwa Girkanci da Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu. A can khion ce ke tsaya wa sheleg ta Ibrananci, khalaza kuma ta tsaya wa barad. Mai ilimin Larabci zai gane su nan take, domin su ne salju da baradu da ke cikin addu'ar buɗe salla, inda ake roƙon a wanke zunubai da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙara. Ayuba 38:22 ta jera su kafaɗa da kafaɗa, rumbunan khion da rumbunan khalaza, Zabura 148:8 ta Girkanci kuma ta ƙara ta uku, krustallos, daskararren ruwa, wanda shi ma ƙanƙara muke ce masa a Hausa.

A ganina, bambancin da ya fi muhimmanci yana cikin aikin da kowace ke yi a cikin jimla. A Sabon Alkawari khion ba ta taɓa faɗowa daga sama ba, ba ta kuma jiƙa kowa ba. Ma'aunin fari ce kawai, kullum tana biye da kalmar “kamar”. Matiyu da Yahaya duka suna waiwayen Daniyel 7:9 ne, inda tufafin Wanda Yake Tun Dā suke fari kamar dusar ƙanƙara, gashin kansa kuma kamar tsabtataccen ulu. Matiyu ya ɗauki kwatancin tufafin ya ba mala'ikan da ya mirgine dutsen kabari, Yahaya kuwa ya haɗa ulu da dusar ya ɗora su a kan kai da gashin wanda ya gani a tsakiyar fitilu bakwai. Khalaza ita ce mai saukowa da ƙarfi. A 8:7 ta zo gauraye da wuta da jini, a 16:21 kowace ƙwaya tana da nauyin talanti guda, abin da ya haura kilo 25, kuma tana waiwayen annoba ta bakwai ta Masar a Fitowa 9, da duwatsun ƙanƙarar da suka hallaka rundunar Amoriyawa a gangaren Bet-horon a Joshuwa 10:11.

Sai dai kada a yi gaggawar cewa khion tsarki take nufi a ko'ina. Gaskiya ne Ishaya 1:18 da Zabura 51:7 sun yi amfani da ita wajen gafarar zunubi, amma da ita aka kwatanta hannun Musa a Fitowa 4:6, da jikin Maryamu 'yar'uwarsa a Littafin Ƙidaya 12:10, da Gehazi baran Elisha a 2 Sarakuna 5:27, sa'ad da cutar fata ta kama su. Launi take nunawa, mahallin ayar ne ke bayyana ko farin ɗaukaka ne ko na cuta.

Mutanen ƙasar Isra'ila sun san dusar ƙanƙara da ido, ko da yake ba kullum ba. Dutsen Harmon, mai tsayin mita 2,814, yana rufe da dusar ƙanƙara duk hunturu, Urushalima kuma takan samu jefi-jefi, kamar yadda ta yi mai yawa a Disambar 2013. Wataƙila saboda ƙarancinta a sauran ƙasar ne marubucin 2 Sama'ila 23:20 ya ga ya dace ya ambata cewa ranar da Benaiya ya shiga rami ya kashe zaki, rana ce ta dusar ƙanƙara.