Wane bugu na The Red Badge of Courage ya kamata ka saya?

Kamfanin D. Appleton na New York ne ya fara buga littafin Stephen Crane a 1895, kuma tun daga lokacin masu ɗab'i suke ta juya shi, har abin da ke kantunan littattafai yau ya zama iri-iri. Labarin Henry Fleming ne, saurayi ɗan gona da ya shiga sojan Arewa a yaƙin basasar Amurka yana mafarkin jarumta, sai ya ranta a na kare da abokan gaba suka sake kawo musu hari. Raunin da ya dawo da shi a ka, wani sojan ɓangarensu ne mai gudu ya kwaɗa masa gindin bindiga, abokansa kuwa suka ɗauka harsashi ne. Nauyin littafin duka yana kan wannan ƙarya da abin da take yi wa zuciyar yaron, kuma nan ne bugu mara kyau yake cutar mai karatu.

Kafin ka ciro kuɗi, ƙirga babi. Bugun Appleton, wanda yawancin kamfanoni ke bi, babi 24 ne. A babi na 6 Henry ya gudu, a na 7 ya ci karo da gawa a cikin daji tururuwa na bin fuskarta, a na 9 abokinsa Jim Conklin ya mutu a gabansa, a na 12 aka buge shi. Idan ka buɗe na 7 ba ka ga gawar nan ba, gajartaccen bugu ne a hannunka. Irin wannan an yi shi ne don masu koyon Turanci, yana da amfani ga ɗan ƙaramar sakandare, amma abin da ake fara yankewa shi ne zancen zucin Henry, wato tsoron nasa kenan. Sai a bar ka da harbe-harbe kawai.

Akwai kuma bugun Henry Binder da W. W. Norton ya fitar a 1982, wanda ya maido da sassan da aka cire daga rubutun hannun Crane, har da babi guda cikakke. A cikinsa Henry ya fi bayyana a matsayin mai yaudarar kansa. Masana sun daɗe suna gardama ko Crane ne ya yanke da kansa, ko editansa Ripley Hitchcock ne ya matsa masa. Ga mai karatun farko mun fi son na Appleton, ya fi gudu. Na Binder na mai bincike ne.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne maganar sojojin. Crane ya rubuta ta yadda suke furta ta, “yeh” a madadin “you”, “th'” a madadin “the”, kuma ƙamus ba zai cece ka ba. Saboda haka bugu mai bayanin kalmomi ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Norton Critical Edition da Donald Pizer ya shirya shi ne mafi cika, da sharhin masana, amma yana da tsada da nauyi. Ɗalibin jami'a ne zai more shi. Na Oxford World's Classics da na Penguin Classics suna tsaka-tsaki. Duba ko an haɗa da gajeren labarin “The Veteran” na 1896, inda Henry ya tsufa yana amsa cewa ya gudu a Chancellorsville, filin dagar 1863 da littafin bai taɓa ambata sunansa ba. Na Dover Thrift shi ne mafi araha, cikakke ne, sai dai bayani kaɗan ne kuma takardar ba ta jure jaka.

Littafin ya fita daga haƙƙin mallaka, don haka shafin intanet na Project Gutenberg na da shi kyauta, shafin LibriVox kuma na da karatunsa a murya, wanda ke warware matsalar lafazin nan sosai idan kana bi da ido. Wannan 'yanci ne kuma ya sa kowa ke iya bugawa. In bangon ba sunan kamfani, buɗe tsakiya ka duba lambobin shafi suna bin juna, ka lanƙwasa gadon littafin kaɗan ka ga ko gam ɗin zai saki.